Gogayya

gogayya [gòogayyàa] sn., mc., ba jm.

1. Gugar juna tsakanin abu biyu. *Gogayyar igiya da dilar atamfa ta ci ledar.*

2. (ƙira) Turjiyar da fuskokin ƙarfe biyu ke yi wa juna in suna motsi. Tana haifar da zafi, tana cinye ƙarfe. *Janaretan shagonmu a Kantin Kwari ya wuni ba baƙin mai, gogayya ta cinye ringi. Sai an nemo wani a Sabon Gari.* rufin hana ~: garin ƙarfe gauraye da ake narkarwa da harshen wuta, a fesa wa ringi ko shaf. Max Schoop ya ƙago dabarar a Suwizalan wajen 1910. Na tangistan da kobal yakan lalace in zafi ya haura digiri 500. Na kuromiyam da nikel yakan jure har wajen 850.

3. Gasa. *Ana gogayya tsakanin dilolin shadda.*

4. Cuɗanya mai kawo ƙwarewa. *Yaron shago ya sha gogayya da fatake.*

Dangi: goga [googàa] fi.; guga [guugàa] sn., mc.; gogagge [gòogaggee] sif., mc. gogaggiya, jm. gogaggu; magogi [magoogii] sn., nj., jm. magogai.