Rikicin Kan Hanya da Iyakar Kare Kai a Doka

Yawancin faɗan da ake yi tsakanin direbobi, 'yan acaɓa da masu tafiya a ƙasa yakan faro ne daga ƙaramin abu: shan gaba, gogar mota, ko baƙar magana. Abin da ke mayar da shi kisan kai shi ne fito da makami, kamar wuƙa, adda, gora ko bindiga.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 33 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya tabbatar wa kowa 'yancin rayuwa, ya kuma amince mutum ya kare kansa daga farmaki da ƙarfin da ya dace. Dokar Penal Code, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, ta sanya wa wannan 'yanci iyaka. Ba a yarda mutum ya yi ɓarnar da ta wuce abin da ake bukata don tsira ba. Haka kuma babu hujjar kare kai idan akwai damar neman taimakon hukuma. Zagi ko lalacewar fitilar mota ba dalili ba ne na zare makami. Wanda ya bi abokin faɗa bayan ya gudu, ramuwa ya yi, kuma kotu za ta hukunta shi a kan haka. Bugu da ƙari, Dokar Makamai ta 1959 ta haramta riƙe bindiga ba tare da lasisi ba.

Matakan kwantar da rikici

1. Kada direba ya rama zagi ko ya yi nuni da hannu.
2. Ya ba mai gaggawa hanya ya wuce.
3. Idan an tare shi, ya zauna cikin mota, ya kulle ƙofofi, ya ɗaga gilashi.
4. Idan ana bin sa, kada ya nufi gida. Ya nufi ofishin 'yan sanda, shingen bincike ko tasha mai jama'a.
5. Ya riƙe lambar motar, ya kira 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988.

Aikin shugabanni

Ana kira ga hakimai, dagatai, masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin direbobi su hana jama'a ɗaukar doka a hannu idan an yi haɗari, musamman a ranakun kasuwa. Abu na farko shi ne kai wanda ya ji rauni asibiti, sannan a miƙa direban ga 'yan sanda lafiya. Ana iya sasanta batun gyaran mota a gaban shaidu, amma idan an zubar da jini, magana ta koma hannun hukuma.