Gidan Osiris da Gidan Iskoki: Kama ko Dangantaka?

A cikin Infaƙul Maisuri, wanda ya rubuta a 1812, Muhammadu Bello ɗan Shehu ya kawo labarin cewa asalin Gobirawa Kibɗawan Masar ne. Saboda wannan ne waɗansu su ke neman tushen bori a bakin Kogin Nilu. Ya kamata a auna maganan nan da hankali.

Mutanen Masar na dā sun ce Osiris ɗan Geb ne, watau ƙasa, uwarsa kuwa Nut, watau sama. Ya auri 'yar'uwarsa Isis. Ɗan'uwansa Set ya kashe shi don ƙyashin sarauta, sa'an nan ɗansa Horus ya girma ya karɓi gadon. Kowane Fir'auna mai rai Horus ne a wurinsu, wanda ya mutu kuwa ya zama Osiris. A Abidos a ke yi masa babban biki kowace shekara.

Iskokin Hausa su ma gida-gida su ke. Masu bori sun ce birninsu Jangare, sarkinsu Sulemanu, ga Inna uwar iskoki, ga Ɗan Galadima ɗan sarki mai kyauta da caca. Kowane iska da irin dabbar da a ke yanka masa. A Gobir, wadda ta kafa Alkalawa a ƙasar Zamfara, sarautar Inna ta 'yar gidan sarki ce, ita ce kuwa shugabar masu bori. Bayan faɗuwar Alkalawa a 1808 sarautar ta ci gaba a Tsibiri, kusa da Maraɗi.

To, kama da wane ba wane ba ne. Gaskiya ne Greenberg ya sa Hausa da tsohon harshen Masar cikin dangi guda, amma rabuwarsu ta riga labarin Osiris da dubban shekaru. Sunayen iskoki kuwa, irin su Sulemanu da Malam Alhaji da Galadima, na zamanin Musulunci ne da sarautun Hausa da Barno. Kuma babu wani iska da aka kashe ɗansa ya gāje shi.

Abin da ya haɗa su shi ne, kowace al'umma ta tsara gidan abin bautarta bisa fasalin fadar sarkinta. Saboda haka malamin da ke koyar da tarihi ya nemi asalin Jangare a fadar Gobir da Katsina tukuna, kafin ya leƙa Masar.