Gwajin ECG: abin da zanen wutar zuciya ke nunawa

Kowane bugun zuciya yana farawa ne da ɗan tartsatsin lantarki daga wani ƙulli a ɗakin sama na dama, sau 60 zuwa 100 a minti. Na'urar ECG ke zana tafiyar wutar: tudun P na ɗakunan sama, QRS na ɗakunan ƙasa, T kuma lokacin da tsoka ke sake shiri.

Idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, wutar tsokar da ta rasa jini takan rikice, sai layin ST ya ɗaga. Wannan lamarin gaggawa ne. Sai dai zanen farko kan iya fita lafiya lau, shi ya sa likitoci ke maimaita gwajin ga mai ciwon ƙirji.