Kogi Na Waye? Tarihin Fatsar Turawa Da Shingen Bakin Ruwa

 Ga rubutaccen shirin wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta barinsu su saurari murya.

Yau maganar kifi za mu yi. Na san wani zai ce, ana wannan hali a ƙasa kai kuma kifi ne ya dame ka? Ku dai biyo ni.

Kwanakin baya ƙanena ya turo mini wani bidiyo. Bature ne tsaye cikin rafi, ruwa har gwiwa, yana kaɗa dogon zare a sama kamar mai bulala. Can sai kifi ya kama. Ya jawo shi, ya ɗauki hoto, ya mayar da shi ruwa. Ƙanen nawa ya rubuto: "Yaya, wannan wace irin wahalar banza ce?" Na ce masa ai ba ka ji komai ba, kuɗi ya biya kafin a bar shi ya tsaya a wurin, domin rafin yana da mai shi.

A satin ne kuma na bi ta wajen Malali, na ce bari in leƙa inda muke zuwa da gora da tana muna yara. Hanyar da muke gangarawa babu ita. Katanga ce doguwa har bakin ruwa, mai gadi ya ce mini, "Malam, nan ba hanya." Ban yi musu da shi ba, aikinsa yake yi. Amma na dawo gida ina haɗa abubuwan nan biyu a raina.

To mene ne abin da Baturen nan yake yi? Fatsa ce, sai dai babu tana babu tuwo a ƙugiyar. Gashin tsuntsu da zare ake ɗaure mata, a yi ta kamar ƙwaro, a wurga ta sauka a kan ruwa a hankali, kifi ya ɗauka ƙuda ne ya faɗo, ya kai cafka. Mu kira ta fatsar ƙuda. Tsohuwar dabara ce. Wajen shekara ta 200 miladiyya wani marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya suna kama kifi. A Ingila kuma tun 1496 aka buga littafi da ya yi bayanin yadda ake ɗaura irin waɗannan ƙudajen. Kifin da aka fi nema da ita shi ne tirawut, kifin ruwan sanyi mai ɗigo-ɗigo a jiki.

Inda siyasa ta shigo shi ne dokar Ingila. A can, kogin da ruwan teku ba ya hawowa cikinsa, haƙƙin kamun kifinsa dukiya ce kamar gona. Mai filin da ke bakin kogi shi ke da shi, yana iya sayarwa, yana iya ba da haya. Sai masu kuɗi suka riƙa haɗa kai suna saye. A 1822 aka kafa wani kulob mai suna Houghton a garin Stockbridge, a bakin Kogin Test da ke kudancin Ingila. Har gobe yana nan, mambobinsa ba su wuce 25 ba, kuma suna riƙe da fiye da mil 10 na kogin. Ku kwatanta: mutum 25. Ɗan garin da aka haifa a bakin ruwan, in ya jefa ƙugiya ba izini, sunansa ɓarawo, kotu za a kai shi. Daga nan sana'ar ta samo asali, wadda ake yi har yau: a gina masauki a bakin ruwa, a ɗauki mai gadin kogi da ɗan jagora, baƙo ya biya kuɗin kwana da kuɗin yini ɗaya a wani yanki na rafin da ba mai taka shi sai shi.

Da Turawan Ingila suka bazu mulkin mallaka, ba su bar kifinsu a gida ba. A 1864 suka ɗora ƙwan tirawut a jirgin ruwa, cikin ƙanƙara, har Tasmaniya da ke Ostireliya. Daga can ya shiga Niyu Zilan. Aka kai shi Afirka ta Kudu, aka kai shi Kashmir. A 1905 wani Bature mai suna Ewart Grogan ya sa aka kawo shi Kenya, aka zuba a Kogin Gura da ke duwatsun Aberdare. A 1919 Turawan Kenya suka kafa ƙungiyarsu ta masu fatsa. Kada ku manta, wannan shi ne lokacin da aka ware tsaunukan Kenya masu ni'ima aka ce na Turawa ne kawai. An karɓe gonar Bakikuyu, an zuba baƙon kifi a rafin kakanninsa, sannan an kafa masa doka a kan kifin. Dazukan Aberdare ɗin nan su ne mayaƙan Mau Mau suka shige a shekarun 1950. Ba kifi ne ya jawo yaƙin ba, ƙasa ce, amma kifin yana cikin abin da aka yi da ƙasar. Wani abin kuma, yau Kenya tana cikin ƙasashen da suka fi ɗaura ƙudajen fatsa suna fitarwa Turai da Amurka. Hannun Ba'afirke ke ɗaurawa, wani can ke wurgawa.

To, mu a nan Kaduna fa? Me ya sa ba a yi mana haka ba?

Dalili biyu ne. Na farko Allah ne ya raba: tirawut ba ya son ruwan da ya wuce kimanin digiri 20, kogin Kaduna kuwa ku da kuka yi wanka a cikinsa a watan Afrilu kun sani. Na biyu doka ce. A 1910 aka yi dokar da ta ce duk ƙasar Arewa ƙasar 'yan ƙasa ce, tana hannun Gwamna a matsayin amana. Dokar tana da nata zaluncin, domin ta tattara iko a hannun mutum ɗaya, amma ta hana Turawa su zo su sayi ƙasa su zauna irin na Kenya.

Sai dai kada mu yi saurin murna, domin tunanin shinge ya zo mana ta wata ƙofar. Garin nan namu Gwamna Lugga ne ya zaɓe shi, a 1917 aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru, wadda ita ma a bakin wannan kogin take. Sunan garin ma daga kogin ya fito, kada, kadduna. A shekarar ce kuma aka yi dokar tsara birane, wadda ta ware wa Turawa unguwarsu, ta ce a bar fili na yadi 440 babu gini tsakaninsu da 'yan ƙasa, wai saboda sauro da zazzaɓi. Abin da muke kira GRA ke nan yau. Kulob, filin folo, filin golf, sukuwa, duk an tsara su ne don wasu 'yan tsiraru su huta. Bayan 1960 Turawa suka tafi, tsarin ya zauna, manyanmu suka gaje shi. Wurin da talaka ya sani na zuwa ya zauna ya kalli ruwa shi ne Gamji, inda tsohuwar gadar Lugga take, wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka ɗauko ta zuwa nan daga baya. Birni mai miliyoyin mutane, kogi ya ratsa tsakiyarsa, amma ku lissafa mini wurare nawa iyali za su je su shimfiɗa tabarma a bakinsa.

In kuma kuna ganin fatsar masu kuɗi tana nesa da mu, ku duba gabas. Kogin Faro a arewacin Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai daf da iyakar Adamawa, ya zama wurin da masu fatsar ƙuda ke zuwa daga Turai da Afirka ta Kudu da rani. Ana kafa musu sansani a filayen farauta da gwamnati ta bayar haya, su biya dubban daloli a mako. Me suke nema? Giwan ruwa da tsage. Kifin da muke gani a kan tire a kasuwa, shi wani ke hawo jirgi ya zo ya ɗauki hoto da shi ya sake shi.

Yanzu bari in faɗi gaskiyar da ba ta yi mini daɗi. Mutanen nan suna kula da ruwansu. Kogin Test garau yake, ana ganin tsakuwar ƙasansa. Ana yanke ciyawa a kan lokaci, ana ƙayyade yawan kifin da za a ɗauka, wanda ya zuba ƙazanta ana kai shi kotu. A Faro ma hujjarsu ke nan, cewa kuɗin baƙi ne ke biyan masu gadin da ke tsare kogin. Mu kuwa da muke cewa kogi na kowa ne, mun mai da shi juji. Leda, ruwan kwata, baƙin man gareji, dattin masana'antu. Ana kwasar yashi ba ƙa'ida. Ana sa taru mai ƙananan ido ya kwashe har 'ya'yan kifi. Idan mai katanga ya ce mini, "Da na bar muku me kuka yi da shi?", wallahi sai na yi shiru kafin in samo amsa.

Amsar tana Argungu. Tun kafin a san da bikin da ake nunawa a talabijin, Kabawa suna da tsarinsu. Akwai Sarkin Ruwa, ruwa yana da lokacin rufewa da lokacin buɗewa. Yankin Matan Fada ba a taɓa shi sai ranar da aka ba da izini, kifi ya samu ya hayayyafa ya girma. Ran da aka buɗe kuwa, dubban mutane ne ke faɗawa da homa da gora, ba a tambayar kowa katin kulob. Bikin a yadda muka san shi ya fara ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka rufe babin tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun da duniya ke tattali. Ku lura da bambancin. Houghton sun tsare kifi ta hanyar rage mutane. Argungu sun tsare kifi ta hanyar ƙayyade lokaci da irin kayan su. Duka biyun sun yi aiki, amma ɗaya ne kawai bai kori talaka ba. Kuma malamanmu sun karantar da mu tun muna allo cewa ruwa da makiyaya da wuta mutane sun yi tarayya a cikinsu.

Me wannan ke nufi gare mu a Kaduna? Dokar filaye ta 1978 ta ce ƙasa tana hannun gwamna ne a matsayin amanar jama'a. Ba wanda ya sayi kogin Kaduna, ba wanda zai iya. Amma idan aka raba duk filayen da ke bakinsa, kowa ya ja katanga har ruwa, to an saye shi ba tare da takarda ba. Masunci ba hanya, mai lambu ba hanya, yaro ba hanya. Ga kuma ambaliya. Waɗanda suka ga ta 2003 da ta 2012, su tambayi mutanen Kigo Road, kogi ba ya manta hanyarsa.

Akwai wani abu kuma. Tun rikicin 2000 kogin nan ya zama kamar iyaka a zukatanmu, su can, mu nan. Alhali shi ne abu ɗaya da mutumin Kabala Doki da mutumin Barnawa suka yi tarayya a kai, dattin da aka zuba a wannan gaɓa ba ya tsayawa a wannan gaɓa.

Abin da nake nema ba shi da yawa. Hukumar tsara birni ta fito ta faɗa wa jama'a tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da kogi, kuma ta tsaya a kanta ko ginin na waye. Kowace unguwa da ke bakin ruwa a bar mata mashiga, a rubuta ta a taswira. A zauna da masunta da sarakunansu a tsayar da lokacin rufe ruwa da girman idon taru, domin sun fi kowane jami'i sanin lokacin da karfasa da tarwaɗa ke ƙwai. Mu matasa kuma, kafin mu nuna wa mai katanga yatsa, mu kwashe ledarmu.

Aikin gida na wannan makon: ka je bakin kogin da ya fi kusa da unguwarku, da ƙafa. Ka ga ko za ka iya kaiwa ruwa ba tare da ka roƙi kowa ba. Idan akwai dattijon masunci a wurin, ka gaishe shi, ka ce Baba, wane kifi kuke kamawa da can wanda yanzu ba a ganinsa? Ku turo mini abin da ya ce, da su za mu buɗe shiri na gaba.

Sai mako mai zuwa, idan Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.