Jirgin sama marar jela: daga ina B-2 ya samo asali?

A watan Yunin 2025, lokacin da Amurka ta kai hari kan tashoshin nukiliyar Iran na Fordo da Natanz, hoton jirgin B-2 ya cika wayoyin mutane. A teburin mai shayin da nake zama a Agege sai da muka kwana biyu muna musu a kansa. Mu da jirage ke ratsawa ta kanmu dare da rana saboda kusancinmu da filin jirgin Murtala Muhammed na Ikeja, ai mun san kamannin jirgi: doguwar gangar jiki, fiffike biyu, jela a baya. Wannan kuwa ba jiki ba jela, fiffike ne zalla, sai ka ce jemage. Wani abokina ya rantse sabuwar ƙira ce. Ba sabuwa ba ce, tunanin ya haura shekara ɗari.

Sai an san aikin jela kafin a gane wahalar cire ta. Ɓangarenta na kwance shi ke hana hancin jirgi yin sama da ƙasa yadda ya ga dama, na tsaye kuma ya hana shi karkacewa hagu da dama. Amma fiffike ne ke ɗaga jirgi. Gangar jiki da jela nauyi suke ƙarawa, iska tana tokare su, mai yana ƙonewa. Shi ya sa tun farko injiniyoyi suka ce: me zai hana a kauraɗa fiffiken, a cusa inji da mai da matuƙi a cikinsa, a yar da sauran?

Wani Baturen Ingila, John William Dunne, ya tashi da jirgi marar jela a 1910, shekara 15 ke nan kafin jirage uku na sojan Ingila su fara sauka a Kano a 1925. A wannan shekarar ta 1910 ce kuma Hugo Junkers na Jamus ya yi rajistar ƙirar fiffike mai kaurin da zai ɗauki kaya a cikinsa. Dabarar Dunne ita ake bi har yau: a ja fuka-fukan baya kamar harafin V, a ɗan murɗa bakinsu, sai bakin ya riƙa yin aikin jelar kwance.

Labarin da ya fi burge ni shi ne na 'yan'uwa biyu Jamusawa, Walter da Reimar Horten. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an hana Jamus mallakar jiragen yaƙi, sai matasanta suka koma wasa da jirage marasa inji, masu shawagi da iska kawai. A 1933 waɗannan samari suka haɗa nasu na farko a birnin Bonn, babban cikinsu bai wuce shekara 20 ba. Da yaƙi na biyu ya yi zafi, Hermann Göring ya nemi jirgin da zai ɗauki bam kilo 1,000, ya kai shi nisan kilomita 1,000, yana gudun kilomita 1,000 a awa. Suka kawo Ho 229, mai injin jet biyu, ƙashinsa bututun ƙarfe, fatarsa katako. Bai yi nisan kwana ba. A Fabrairun 1945 inji ɗaya ya mutu a lokacin gwaji, jirgin ya faɗi, matuƙinsa Erwin Ziller ya rasu. Wanda ba a gama haɗawa ba sojojin Amurka suka kwashe, yana gidan tarihin Smithsonian har yanzu. Masu cewa saura ƙiris wannan jirgi ya juya yaƙin, ni dai ina ganin zuzutawa ce. Bai taɓa fita fagen fama ba.

A Amurka, Jack Northrop ne ya ba abin rayuwarsa. Ƙaramin N-1M ɗinsa ya tashi a 1940, sai ƙaton XB-35 mai farfela a 1946, faɗin fuka-fukansa ƙafa 172, wajen mita 52. Aka sauya masa injinan jet takwas ya zama YB-49 a 1947. A nan ne rashin jelar tsaye ya nuna kansa. Don juyawa, an sa wasu marufai a bakin kowane fiffike masu buɗewa kamar bakin kada, iska ta riƙe wannan gefen jirgin ya karkata. Yana juyawa kam, amma hancin ba ya tsayawa cak, yana ta lilo, wanda zai saki bam kuwa yana bukatar jirgi ya miƙe sambal. Ranar 5 ga Yunin 1948 ɗaya ya tarwatse a sama a Kalifoniya, mutum biyar suka mutu, har da Kyaftin Glen Edwards, wanda aka sa wa sansanin sojan saman Edwards sunansa. Daga baya gwamnati ta soke aikin, aka yanka jiragen aka mai da su kayan gwangwan.

Abin da hannun matuƙi ya kasa, kwamfuta ce ta iya. Ita ke gyara zaman jirgin sau da yawa cikin kowace daƙiƙa, tun matuƙi bai ji ya motsa ba. Sannan aka lura jirgi marar jelar tsaye yana da wuyar gani a na'urar hangen jirage, wannan ya sa soja suka dawo kansa. B-2 ya fara tashi ranar 17 ga Yulin 1989, faɗinsa ƙafa 172 cif, daidai da na XB-35, kuma guda 21 kacal aka ƙera. An nuna wa Northrop samfurinsa a asirce yana tsoho marar lafiya, ya rasu a 1981 bai ga tashinsa ba.

Tambayar da aka yi mini a teburin shayi ita ce, in yana rage shan mai, don me ba a kai alhazai Jidda da shi? Ɗakin fasinja sai an matse iska a cikinsa idan an yi sama sosai, kuma siffar bututu ce ta fi jure wannan matsi. A cikin fiffike mai faɗi yawancin mutane ba za su sami taga ba, fitar da su cikin daƙiƙa 90 da doka ta tanada idan an sami matsala zai yi wuya, wanda kuma kujerarsa ta faɗo can gefe, duk juyawar da jirgi ya yi sai ya ji cikinsa ya kaɗa.