Masu Tonon Asali: Yadda Talakawan Ingila Suka Shiga Neman Kakanninsu

Idan ruwa ya ɗan tsagaita ranar Asabar da hantsi, mai wucewa ta gefen tsohuwar maƙabartar coci a ƙauyukan Ingila zai iya hango wasu dattawa, maza da mata, sun durƙusa gaban duwatsun kaburbura. Wannan na riƙe da buroshi mai laushi yana share gansakuka, wancan ya kanga tocila ta gefe don inuwa ta fito da haruffan da iska da ruwa suka cinye. Ɗaya na karantawa harafi bayan harafi, ɗaya na rubutawa. Kowane kabari an ba shi lamba a taswirar da suka zana. Ba 'yan uwan mamatan ba ne, galibi ma ba su taɓa jin sunayensu ba. 'Yan ƙungiyar tarihin iyali ne na gundumar, suna kwafe rubutun kafin ya goge.

Bahaushe zai yi mamakin wannan wahala. Shi idan yana son sanin asalinsa, ɗakin tsohuwar gidan yake shiga, ta jero masa wane ya haifi wane har inda ƙwaƙwalwarta ta tsaya. Bature ya daɗe da rasa wannan tsohuwar. Masana'antun ƙarni na 19 sun kwashe mutane daga ƙauyuka zuwa Manchester da Birmingham da Landan, jiragen ruwa suka kwashi wasu zuwa Amurka da Ostireliya, dangi suka watse. Abin da ya rage masa takarda ce, ita kuwa Allah ya hore masa ita da yawa.

Tushen takardun ya koma shekarar 1538, lokacin da Thomas Cromwell, babban na hannun daman Sarki Henry na Takwas, ya umarci kowace coci ta riƙa rubuta duk wanda aka yi wa baftisma, da wanda aka ɗaura wa aure, da wanda aka binne. Jama'a ba su yi maraba da abin ba, sun ɗauka share fagen sabon haraji ne. A 1598 aka ce a mayar da rubutun kan fata don ya fi ƙarko, amma masu kwafe da yawa suka yanke wa kansu wahala suka fara daga 1558, shekarar da Sarauniya Elizabeth ta Farko ta hau karaga. Shi ya sa litattafan coci masu yawa daga nan suke farawa. Sauran ɓarnar kuwa ɓeraye da danshi da yaƙin basasar shekarun 1640 suka ƙarasa ta. Daga 1754 doka ta wajabta wa ango da amarya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya yi alamar kuros. A ranar 1 ga Yuli, 1837 gwamnati da kanta ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales, Scotland ta biyo baya a 1855. Ƙidayar jama'a ta soma a 1801, sai dai ta 1841 ce ta farko da ta rubuta sunan kowa, ta 1851 kuma ta ƙara da garin da aka haifi mutum da dangantakarsa da maigida.

Duk da wannan tarin takardu, an shafe ɗaruruwan shekaru salsala harka ce ta masu sarauta da masu filaye. Tsakanin 1530 da 1688 jami'an fada masu kula da tambarin gidaje suna zagaya gundumomi suna tantance wanda ya cancanci tambari da wanda ya ƙaga wa kansa. Aikinsu ya yi kama da na Sanƙira ta wata fuskar, illa su da alƙalami suke yi, kuma ba ruwansu da maƙeri ko masaƙi. Ko da aka kafa ƙungiyar masana salsala ta Society of Genealogists a Landan a 1911, masu hali da lokaci ne suka fi cika ta.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne abin ya sauko ƙasa. Gundumomi suka buɗe gidajen adana takardu, coci-coci suka fara miƙa tsofaffin litattafansu can, mutane suka samu mota da hutu da fansho. A 1963 aka kafa ƙungiya a Birmingham, a 1964 aka kafa ta Manchester da Lancashire, a 1974 kuma ƙungiyoyin suka haɗu suka kafa tarayya guda. Ana cikin haka littafin Roots na Alex Haley ya fito a 1976, aka mayar da shi fim ɗin talabijin a 1977. Labarin baƙar fatan Amurka ne da ya bi sawun kakansa har Gambiya, kuma daga baya masana sun yi ta jayayya a kan ingancinsa. Amma ya riga ya cusa wa miliyoyin mutane tunanin cewa wanda kakansa bai mallaki komai ba shi ma yana da asalin da za a nema. Kafin a ankara kusan kowace gunduma a Ingila ta samu ƙungiyarta. Har sunan harkar ya sauya, aka rage cewa salsala aka koma cewa tarihin iyali, domin yanzu ba jerin sunaye kaɗai ake so ba, ana so a san me mutumin yake ci, nawa ake biyansa, ɗaki nawa ne a gidan da ya tara 'ya'ya tara.

Shiga ƙungiyar ba ta da wuya. Kuɗin shekara bai taka kara ya karya ba, kuma ba a tambayarka ko kai jikan wane ne. Abin da za a fara nema a wurinka shi ne sunayen gidajen da kake bincike, da garuruwansu, da shekarun. Za a buga su a mujallar ƙungiya, wadda yawanci take fitowa duk bayan wata uku. Nan ne daɗin yake. Wata rana sai wasiƙa ta iso daga New Zealand ko Kanada, daga wata mata da ba ka taɓa ji ba, tana cewa kakan kakanta ƙanin kakan kakanka ne, ga kuma hoton da ɓangarenku ya rasa. Wani abin da sababbin shiga kan yi kuskure a kai shi ne zaɓen ƙungiya. Ta garin da kake zaune za ta ba ka abokai da lacca duk wata a zauren coci, da shayi da biskit. Amma wadda za ta buɗe maka hanya ita ce ta garin da kakanninka suka rayu, ko da ba za ka taɓa halartar taronta ba. Da yawa biyun suke shiga.

A taron za ka ji ana ta maganar katanga. Haka suke kiran inda bincike ya cije, kakan da ya ɓullo a wani gari kamar daga sama ya faɗo. Tsofaffin hannu su ne maganinta. Su za su gaya maka kada ka yarda da shekarun ƙidayar 1841, domin an umarci malaman ƙidaya su rage shekarun manya zuwa biyar-biyar, mai 34 a rubuta masa 30. Su za su nuna maka cewa suna ɗaya na iya zuwa da rubutu iri huɗu, tunda limamin coci abin da kunnensa ya ji yake rubutawa. Kuma su ne za su hana ka ɗaukar duk John Smith ɗin da ka gani ka manna shi a gidanku don kawai shekarunsa sun yi daidai.

Kafin zuwan intanet aikin na ƙarfi ne. Ƙungiyoyi kan ɗauki hayar bas su kai mambobi Landan, ginin St Catherine's House, inda aka jera kundayen rajista. Ja na haihuwa, kore na aure, baƙi na mutuwa, kowane wata uku da nasa, manya ne masu nauyi da sai an sa hannu biyu. Wanda bai san shekarar auren kakarsa ba zai wuni yana sauke su yana mayarwa, ana ture-ture da gwiwar hannu, kuma abin da zai samu a ƙarshe lambar shafi ce kawai. Sai ya biya kuɗi ya jira takardar shaidar, wadda za ta iya zuwa ya tarar ba mutuminsa ba ne.

Wannan wahala ce ta haifi aikin da, a ganina, ya fi komai daraja cikin abin da ƙungiyoyin suka yi: jera sunaye bisa haruffa don na baya ya huta. Mafi girmansa shi ne ƙidayar 1881, mai ɗauke da mutum kusan miliyan 30. Daga ƙarshen shekarun 1980 tarayyar ƙungiyoyin ta haɗa hannu da mabiya cocin Mormon na jihar Utah, waɗanda aƙidarsu ta yi wa magabata baftisma ta sa tun 1894 suke tattara sunayen matattu. Aka rarraba hotunan shafukan ga dubban 'yan sa-kai, kowa ya zauna a teburin cin abincinsa yana fama da rubutun malamin ƙidayar da ya mutu tun tuni. Mutum biyu ke kwafe kowane shafi ba tare da sun ga na juna ba, sannan a gwada. Aka shafe shekaru, ba wanda aka biya ko sisi, har aikin ya fito a faifan CD a 1999.

Mai tone-tone kuwa dole ya shirya wa abin da zai tono, kaza ma wuƙar yanka ta ta tono. Wanda ya shigo da labarin cewa gidansu jinin sarauta ne yakan tarar da kakansa ɗan ƙwadagon gona ne da ya ƙare a gidan gajiyayyu, inda matalauci ke biyan makwanci da fasa dutse. Wani ya ga an ɗaura auren kakanninsa wata uku kafin haihuwar ɗan fari. Wani ya iske sunan gidansu cikin fursunoni kimanin 160,000 da aka yi jigilarsu zuwa Ostireliya tsakanin 1788 da 1868. Akwai kuma waɗanda suka gano kakansu na cikin masu bayin da gwamnati ta raba wa diyyar fam miliyan 20 bayan dokar 'yanta bayi ta 1833, su bayin ba su samu ko taro ba.

Intanet ta zo da ƙarfinta. A Janairun 2002 aka ɗora ƙidayar 1901, cunkoson masu nema ya durƙusar da shafin cikin 'yan kwanaki, aka rufe shi na tsawon watanni. Shirin BBC na bin asalin fitattun mutane ya fara a 2004, kamfanoni irin su Ancestry da Findmypast suka cika da masu biya. Abin da ake tafiya Landan a nema, yanzu daga kan gado ake duba shi, sai zaurukan taro suka fara raguwa, furfura ta yi yawa a cikinsu, wasu ƙananan ƙungiyoyi suka rufe don an rasa mai riƙe sakatare ko ma'aji. Waɗanda suka tsaya sun koma ga abin da kamfani ba zai aiko ma'aikaci ya yi ba, wato maƙabartu, da rajistar makarantun ƙauye, da sanin wane titi aka sauya wa suna.

Gaba ma akwai giɓi. Ƙa'ida ita ce a rufe bayanan ƙidaya shekara 100, shi ya sa ta 1921 ba ta fito ba sai 6 ga Janairu, 2022. Ta 1931 ta Ingila da Wales ta ƙone ƙurmus a wata gobara a Hayes cikin Disambar 1942. Ta 1941 ba a yi ta ba saboda yaƙi. In ban da rajistar da aka yi ranar 29 ga Satumba, 1939 don raba katin shaida da na abinci, ƙidayar Ingila da Wales da za a buɗe nan gaba ita ce ta 1951, a shekarar 2052.