Gicciyen Baitalami: Kayan Tuni Ne Ko Gunki?

 Wata uwa a nan Lafiya ta dawo daga ziyarar Urushalima da ɗan ƙaramin gicciye mai sheƙi, wanda ta saya a Baitalami. Ta tambaye ni, “Mai bishara, wannan abin gunki ne?” Wannan tambaya ta daɗe a cikin Ikkilisiya, don haka bari mu koma baya kaɗan.

Abin da aka sassaƙa gicciyen da shi ɓawon wata halittar teku ne, irin wanda lu'ulu'u yake girma a cikinsa. Ku tuna da makankari na bakin rafi, amma wannan ya fi shi girma da ƙyalli. A shekara ta 1342 Paparoma Kilement na Shida ya danƙa wa 'yan ɗarikar Faransis kula da wurare masu tsarki, a 1347 kuma suka zauna a Baitalami. A ƙarƙashinsu ne wannan sana'a ta kafu a hannun Kiristocin garin. A da, daga Bahar Maliya ake kawo ɓawon, a yanka shi, a goge, a yi gicciye da carbi, a kuma manna shi a jikin itacen zaitun.

A Turai ma haka ne. A ƙarni na 13 da na 14 masassaƙan birnin Paris sun yi ta sassaƙa haihuwar Yesu da gicciyewarsa a kan hauren giwa, 'yan alluna biyu da ake ninkewa a sa a jaka. Hauren nan kuwa, yawancinsa daga nahiyarmu ta Afirka ya fito. A ƙarni na 15 Jamusawa suka yi irin wannan aiki da ɓawon teku, suna ratayawa a wuya.

Me ya sa suka sha wannan wahala? Yawancin mutane ba su iya karatu ba. Tun wajen shekara ta 600 Paparoma Giregori ya rubuta wa bishop na Marsai cewa kada a farfasa siffofi, gama marasa karatu suna koyo daga gare su, amma kada a yi musu sujada. Sai dai zuciyar ɗan adam ba ta tsayawa a kan iyaka. A 1524 aka kwashe siffofi daga majami'un Zurik, a 1566 aka farfasa su a ƙasar Holan. A ganina an yi ɓarnar kyakkyawan aiki, amma damuwar tasu ba ta banza ba ce. Allah ne ya umarci Musa ya ƙera macijin tagulla, duk da haka sarki Hezekiya ya farfashe shi sa'ad da jama'a suka fara ƙona masa turare, kamar yadda 2 Sarakuna 18:4 ta nuna.

Sai na tambayi uwar nan, “Mama, ina kike ajiye shi?” Ta ce jikanta yana zazzaɓi, ta sa masa a ƙarƙashin matashi kwana uku ke nan. Na ce ta ciro shi ta rataye a bango. Muka yi addu'a cikin sunan Yesu, muka kai yaron asibiti a ranar.